Karyar da Na Bar wa Yayana

A shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa Gombe ina koyarwa a wata firamare, ina haya a Kumbiya-Kumbiya, ɗaki biyu da ɗan sito a bayan gida. Ban yi aure ba tukuna. Abin da na mallaka a duniya shi ne keke, rediyo, da wata karya baƙa mai farin ƙirji. Wata baturiya 'yar mishan ce ta ba ni ita tana kwikwiyo, lokacin da za ta koma ƙasarsu. Ruwa biyu ce, uwarta ta Turawa, ubanta karen mafarauta, don haka ba ta yi girman jiki ba, sai kai kamar na mutum. In na dawo daga makaranta, tun daga kan kwana take gane ƙarar kekena.

Lokacin kowa gini yake yi. Wanda jiya yake cin bashin goro, yau ya zama ɗan kwangila, ya ja katanga, ya sa ƙofar ƙarfe, sai kuma ya ga ba abin da ya rage masa sai karen Turawa. Mutanen da a da ko inuwar kare ba sa so ta taɓa rigarsu, su ne suka riƙa tare ni a hanya suna tambaya yaushe za ta haihu.

Na kai ta allura asibitin dabbobi tana wata bakwai. Malamin da ya duba ta ya tattaɓa ƙugunta ya ce mini ta kusa fara neman namiji, amma kada in kuskura. Ya ce karo na farko a kulle ta, na biyu ma a kulle ta, sai ta doshi shekara biyu ƙashinta ya gama buɗewa, sannan a nemo mata namiji daidai jikinta. Na riƙe maganar nan kamar karatun jarrabawa.

Ana haka aka tura ni kwas na wata uku a Zariya. A gidana akwai yayana, ɗan wan babana, wanda ya zo daga Kaltungo neman aiki, ya shafe wata biyar yana cin tuwona. Ban taɓa jin nauyin hakan ba, don shi ya goya ni muna yara, shi ya koya mini harbin tsuntsu. Ranar tafiya na zaunar da shi na maimaita masa maganar malamin dabbobi har sau uku.

Ya ce, "Ƙanena, ka mai da ni ɗan ajinka ne? Na ji. Ko ƙuda ba zai sauka a kanta ba."

Na hau jirgi hankalina kwance.

Da na dawo ba ta tare ni a kwana ba. Na same ta kwance a gindin darbejiya, ciki ya yi mata yawa, ƙafafu kamar sillen kara. Ta miƙe da ƙyar tana kaɗa wutsiya. Yaya kuwa ya sami aikin sito a wajen wani babban ɗan kwangila, har ya koma ɗakin da aka ba shi can. Da yamma ya zo cikin sabon takalmi, ya sunkuyar da kai ya ce wata rana ce ta tsinke igiya ta fice, bai san karen da ya same ta ba. Har ƙwalla na gani a idonsa. Ni da ya kamata in yi faɗa, ni na koma ba shi haƙuri, ina cewa laifina ne da ban sayi sarƙa ba. Wannan haƙurin da na ba shi, har yau in na tuna sai in ji kunya ta kama ni.

Mako biyu bayan haka, ranar wata Asabar da hantsi, naƙuda ta kama ta. Ta yi ta yunƙuri har azahar ba abin da ya fito. Na ɗauko malamin dabbobi a bayan kekena. Ya sa hannu, ya ɗago ya kalle ni, ya ce 'ya'yan sun fi ƙarfin ƙugunta, kuma likitan da zai iya yi mata aiki yana Bauchi. Ya yi iya yinsa. Ya zaro huɗu, uku ba rai. Kafin la'asar ta mutu, kanta a kan ƙafata. Ita kanta ba ta cika shekara ba.

Maƙwabcina wani dattijo ne Bafulatani da ya bar daji ya zauna gari, yana kiwon awaki a bayan gida. Baffa nake ce masa. Bai taɓa taɓa karyar ba, amma kullum sai ya ajiye mata ƙashi a bakin katanga. Shi ya riƙa tatso mini nonon akuya ina ɗura wa ɗan da ya rayu da abin ɗiga maganin ido. A rana ta huɗu ya tsaya daga nesa yana kallon manyan dagin kwikwiyon.

Ya ce, "Malam, mu ko karsana ba ma barin bijimi ya hau ta sai ta isa. Na faɗa wa yayanka haka."

Na ce, "Ai tsinkewa ta yi, Baffa."

Ya gyara tsayuwa. "Ni dai ban ga ta tsinke ba. Farar mota na gani sau biyu. Shi da hannunsa ya ɗaga ta ya sa a baya. Na ɗauka da saninka, shi ya sa ban yi magana ba."

Kowa a garin ya san farar motar, ya kuma san ƙaton karen da maigidan yayana ya sayo daga Jos, wanda tsayinsa ya kai ɗan maraƙi. Nan na gane da abin da aka sayi aikin sito. Ban yi ihu ba, na ci gaba da ɗura wa kwikwiyon nono.

Ranar Lahadi bayan an taso sujada a coci sai ga Yaya. Zuciyata ta ɗan yi sanyi, na ce ya zo neman gafara, har na fara shirya yadda zan ja masa rai kafin in yafe. Sai na lura da kwalin da ke hammatarsa, an huhhuda shi an shimfiɗa tsumma a ciki.

Ya ce, "Ka san al'ada. Mai namiji shi ke fara zaɓa."

Na ce, "Yaya, wane namiji? Ba ka ce ba ka san karen ba?"

Bai ko ƙifta ido ba. "To yanzu ka sani. Ni ban yi zaton za ta mutu ba, akuya nawa muka ga ta haihu tana ƙarama? Maigida yana jira. Kana so a kore ni a kan kare?"

Na ce masa uwar ta mutu a ƙafata, kuma wannan ɗaya da ya rage ba inda za shi. Na ce ya ɗauki kwalinsa ya fita mini daga gida. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Ya girgiza kai kamar ni ne na ba shi kunya, ya ce boko ya lalata ni, ya fita.

Na ɗauka magana ta ƙare. Ranar Laraba na taso makaranta, na buɗe gida, na wuce sito inda nake kwantar da kwikwiyon a cikin tsohon kwando. Kwandon yana nan, babu kowa a ciki. Sai a lokacin na tuna ban karɓi makullin da ke hannun Yaya ba.

Na zauna a ƙasa na yi kuka, kukan da ban yi ba ranar da uwar ta mutu. Ba a fasa komai ba, ba a taɓa rediyo ba. Da zai fita ma sai da ya kulle mini ƙofa da kyau, don kada ɓarawo ya shigo.