Torunn da Malamin Wasanni

Torunn Isaksen ba ta taɓa sha'awar koyarwa ba. Aikinta feɗe kifi a masana'antar bakin teku, a wani ƙaramin tsibiri na arewacin Norway, kuma da ba don Steinar ba, da a nan za ta tsufa.

Steinar malamin wasanni ne a sakandaren garin. Da malamar lissafi ta tattara ta koma birni, aka nemi madadinta aka rasa, sai shugaban makaranta ya miƙa masa ajin, alhali bai taɓa karanta fannin ba. Cikin ɗaliban akwai Sindre, ɗan Torunn, mai burin zama injiniyan jirgin ruwa. Jarrabawa ta zo, ya faɗi warwas, shi da yawancin 'yan ajin.

Torunn ta tare Steinar a kanti, gaban jama'a.

"Malam, ashe da usur ake koyar da lissafi?"

"Yi a hankali, Torunn. Ni ma ɗora mini aka yi."

"Da aka ɗora maka, bakinka ciwo yake? Ka ce ba ka iya ba mana! Ka kashe wa yara gaba, kana ta yawo da wandon tsalle-tsalle."

Ya kalli takalmin robarta, ya yi murmushin raini. "To, ke gwana, zo ki karɓi ajin."

Maganar nan ta tsaya mata a wuya. Ta shiga karatun jami'a daga gida, tana aiki tana karatu, ta faɗi ta maimaita, har ta yi furfura kafin ta sami digirin lissafi da shaidar koyarwa. Makarantar ta ɗauke ta da gudu.

Sakamako ya gyaru, wannan ko maƙiyinta bai musa ba. Sai dai ba ta da sassauci, yara suka laƙaba mata Ƙanƙara. Shi kuwa Sindre tuni ya bi jirgin kamun kifi, ya yi aure. Da ta matsa masa ya sake jarrabawar, sai ya ce, "Mama, ƙyale ni. Ba don ni kika yi ba, don ki ga bayan Steinar ne."

Ta yi wata guda ba ta kira shi ba.

Ita da Steinar suka ci gaba da zama ɗakin malamai ɗaya, ko gaisuwa babu. Ranar walimar ritayarsa, kowa ya tafi cin kek, ita ta zauna a aji tana duba aikin yara.