Ƙawar Auta da Hular Baba

Mu biyar ne a gidan a waccan shekara: Inna, wadda take cikin takaba, Kaka, mahaifiyar Baba, Baffa, ƙanensa, wanda ya ci gaba da riƙe rumfarsa ta busasshen kifi a kasuwar Yelwa, ni, da ban daɗe da kammala jami'a ba, ina jiran kiran hidimar ƙasa, sai autarmu, 'yar shekara biyar. A lissafin Auta kuwa mu shida ne, domin tana da wata ƙawa da babu mai ganin ta sai ita.

Baba ya rasu da damina, lokacin jihar Kebbi tana sabuwa, mutane suna mantawa suna cewa mu 'yan jihar Sakkwato ne. A unguwarmu ba a faɗa wa ƙaramin yaro mutuwa. Kafin a fito da makara aka kai Auta gidan maƙwabta, aka cika mata hannu da ƙuli-ƙuli. Da ta dawo, Kaka ta ce mata Baba ya shiga jirgin ruwa ya tafi Warra saro kifi. Auta ta dubi Kaka, ta dubi hularsa da ke rataye a ƙusa.

Bayan sadakar bakwai ƙawar ta iso. Auta ta ce gidansu yana ƙarƙashin tafki, a tsohon garin nan da Kaka take ba da labarin ruwa ya cinye lokacin da aka gina madatsa. Tana da kwale-kwale da bai fi ƙwarya girma ba, ba ta cin miyar kuka, kuma ba ta shiri da Baffa. Dalilin rashin shirin a gabana ya faru. Baffa ya dawo daga kasuwa a gajiye, ya zube a kan tabarma.

"Baffa, tashi! Ka zauna a kan ƙawata!"

Ya zabura kamar ya taka garwashi, sannan ya tuna da girmansa. "To, uwata, ki ce ta yi haƙuri. Amma ta riƙa sallama in ta shigo gidan mutane."

"Ta yi. Kai ne ba ka amsa ba."

Da farko dariya muke yi. Har Inna takan ɗebi tuwon shinkafa a ƙaramin kwano ta ajiye wa baƙuwar, Auta kuma ta taya ta cinyewa saboda baƙuwar tana da kunya. Dariyar ta ragu ne da kayan Baba suka fara ɓacewa. Hular ce ta fara tafiya, sai carbinsa, sai takalminsa ƙafa guda. 'Yan matan da Auta take bi zuwa wanke-wanke a bakin ruwa suka kawo labari: tana sa abin a ƙwarya, ta tura shi cikin ruwa, ta ce aike ne ƙawarta za ta kai.

Kaka ba ta yi shawara da kowa ba. "'Yan ruwa na," in ji ta. "Su ka kiran ɗiyar ga. Yau hula, gobe ita da kanta." Ta yanke cewa ranar kasuwa Baffa zai kai Auta Shanga, wajen wata tsohuwa mai magani, ta zauna can ana yi mata hayaƙi har ta rabu da su. Inna ba ta da halin bi saboda takaba, kuma tun rasuwar ba ta iya runtsawa sai Auta tana jikinta. Ba ta yi musu da uwar mijinta ba, amma na ga ta bar cin abinci.

Sai na gyara zama na yi bayani, a tsare, daki-daki: yaro idan ya yi rashi yakan ƙirƙiri aboki a zuciyarsa, abu ne sananne, yana kuma wucewa da kansa. Kaka ta saurare ni har ƙarshe.

"Ka gama, malam? To, tunda a makarantarku ka san ta, aji nawa take?"

Baffa ya yi dariya har da tari. Abu ɗaya na samu: kafin tafiyar, a nuna wa Auta kaset ɗin bikin yayarmu da ke aure a Ngaski, wanda wani mai ɗaukar bidiyo ya yi mana bara, domin Baba yana ciki. Na ce ganinsa zai kwantar mata da hankali. Kaka ta ce wannan shirme ne, amma ta amince da sauri fiye da yadda na zata. Ina jin ita ma tana son ganin ɗanta.

Da la'asar aka kawo wuta. Maƙwabcinmu ya aro mana talabijin da bidiyo, aka jera su a ɗakin Inna. Auta ta matsa ta bar wa ƙawarta wuri. Hoton yana rawa, mata suna guɗa, ga Inna cikin sabuwar atamfa tana rufe fuska. Can sai ga Baba a ƙofar gida, da hular nan a kansa, yana yaƙi da cinyar kaza, bai san ana ɗaukar sa ba. Kaka ta ja mayafi ta rufe baki.

"Ga Babanki nan," in ji Baffa. "Kwana kaɗan zai dawo daga Warra."

Auta ta juya gefen da babu kowa, kamar mai neman izini, sannan ta ce, "Baffa, ba zai dawo ba. Ya mutu. Na leƙa ta katanga na ga an ɗauke shi, kansa ba hula. Ƙawata ta ce ku ba ku sani ba, kada in faɗa, Inna za ta yi kuka."

A talabijin Baba ya gama da kazar yana neman ruwan wanke hannu.

Inna ce ta janyo Auta jikinta. Ta yi kukan da aka ji mata tsoro, Auta tana bubbuga bayanta tana cewa, "Kin gani ko? Na faɗa." Da ta natsu, Inna ta dubi Kaka ido da ido, abin da ban taɓa ganin ta yi ba, ta ce a hankali, "Kaka, yarinyar ga lafiyarta ƙalau. Ba ta zuwa ko'ina."

Kaka ta share ido, ta ce ita dama tun farko ba ta yarda da maganin Shanga ba. Baffa ya buɗe baki, ya dubi fuskarta, ya rufe.

Washegari Auta ta sanar da mu cewa ƙawarta za ta koma gida, tunda yanzu kowa ya sani. Ta bi 'yan wanke-wanke don yi mata rakiya, ni kuma na tafi mayar da talabijin. Sai da na dawo na nemi kaset ɗin na rasa. Auta ta ce ta ba ƙawarta ta kai wa Baba: mu mun gan shi, ai shi ma ya kamata ya ga Inna cikin sabuwar atamfa.

Hula ɗaya, carbi ɗaya, takalmi ƙafa ɗaya, ƙwarya huɗu, kaset ɗaya, ƙawa ɗaya, uba ɗaya.