Allon da Ya Tona Asirin Taju Mai Haske

Duk matar da ta taɓa aurar da 'ya tsakanin Gusau da Bungudu ta san shagon Tajuddeen na bayan tasha. Shi ne mai haɗa sitikar biki da kalandar amare. Taju Mai Haske ake ce masa, kuma ba a banza ba: kawo masa hoton yarinya baƙa wuluk, gobe ki karɓe ta fara sol, har uwar da ta haife ta sai ta sake dubawa. Har daga Tsafe mata ke shigo mota dominsa. In aka tambaye shi sirrin, sai ya shafa gemu ya ce, "Baiwa ce." Wallahi shi ma ya yarda da haka, kuma wannan suna ya fi masa komai daɗi a duniya.

Kwamfutarsa kuwa tsohuwa ce tukuf, gwanjo ya saye ta, allonta dishi-dishi kamar fitilar da kananzir ya ƙare mata. Aiki dai tana yi, da nishi. Inda take ci masa mutunci shi ne wajen wasan ƙwallo, don Taju, da furfurarsa da komai, mayen gem ne, wato wasan kwamfuta. Ɗan wasa zai ɗaga ƙafa ya buga, sai ya sandare a haka, Taju ya je sallar la'asar ya dawo ƙafar tana sama.

Ran nan ya ce wa matarsa Shafa'atu zai sayi sabuwar kwamfuta saboda aiki ya yi yawa. Ta ce, "Awo, Malam. Aikin mai raga biyu ko?" Ya sa hularsa ya fice.

Abokinsa Khalid mai sayar da kwamfutoci ya baje masa kaya. Ya ce katin girafik shi ne mai zana hoto a allo, in ya yi ƙarfi ɗan wasa ba ya sandarewa, manyan hotuna ma sai su buɗe nan take. Ya ƙara masa ram, wato wurin da inji ke ajiye aikin da ke hannunsa, da fanka babba saboda zafin Gusau ba ya raga wa kowa. Taju yana ta gyaɗa kai kamar ƙadangare. Da aka zo kan allo Khalid ya ce, "Wanga ba ya ƙarya, launin da ka gani shi zai fita a takarda." Taju bai ma ji ba. Idonsa na kan ciyawar filin ƙwallo, kore shar. Ya ce a ɗaure masa.

Aikin farko da ya shigo na Hajiya Lantana ne, daga Kwatarkwashi, mai aurar da autarta. Taju ya gyara hoton yadda ya saba, ya ƙara haske har fuskar ta yi daidai a idonsa, aka kai wajen bugawa. Washegari sai ga Hajiya a bakin shago, gyale a kafaɗa, kalanda a hannu.

"Malam Taju, mi ne ne wanga?"

"Amarya ce, Hajiya. Ba ta yi kyau ba?"

"Wagga ai ɗiyata ce! In haka nike son ganinta, ba ga ta nan gida ba? Ina hasken?"

Taju ya duba. Yarinya kyakkyawa, baƙa mai sheƙi, yadda Allah ya yi ta. Ya ɗauka baiwar ce ta gudu. Bayan Hajiya ta tafi da alkawarin za a sake, ya jawo tsohon allon daga ƙarƙashin tebur, ya jona shi kusa da sabon, ya buɗe hoto ɗaya a duka biyun. Ashe! A tsohon, kowa duhu yake fitowa. Shekara da shekaru yana ta zuba haske don kawai ya ga fuska, takarda kuma tana fitar da mutane kamar an wanke su da toka. Baiwar Taju dai allo ne mai ciwon ido. Kunya ta kama shi shi kaɗai a shago, ko ƙwallon bai iya kunnawa ba.

Da yamma ya koma gida ya kwashe komai ya gaya wa Shafa'atu. Ya ce abu mai sauƙi ne, gobe zai mai da tsohon allon kan tebur, sunansa ya tsira, babu wanda zai sani. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Sai ta nuna bango da haɓa, inda hoton aurensu yake rataye, aikin hannunsa.

"Dubi waccan."

Ya duba da kyau, karon farko. Wata farar mace ce zaune kusa da shi, hancin ma da ƙyar ake ganinsa.

Shafa'atu ta ce, "Tun da ka kawo shi ban taɓa yi maka magana ba. Na ɗauka irin wadda ka so ka aura ke nan, ba ka samu ba."

Taju ya sake duban hoton. Abin ya soke shi har zuci.

Tsohon allon bai koma kan tebur ba. Hajiya Lantana ta kai aikinta wani shago, ƙawayenta suka bi ta ɗuu, kasuwa ta ja baya sosai. Yanzu Taju kawai ake ce masa. Abin da ya fara bugawa washegarin maganar nan hoton aurensu ne, da ainihin launinta, ya kai gida da kansa. Shafa'atu ta goge hannu a zani, ta karɓa, ta daɗe tana kallo.

"To," ta ce. "Sai yau na ga bikina."