Rijiyar Sadaka

Rijiyar gidanmu a Akurba, maigidana ne ya haƙa ta sadaka ga mahaifiyarsa bayan ta rasu. Shi ya sa ba ma rufe ƙofar gida. Duk mai guga ya shigo ya ɗiba, har matan Fulani masu tallar nono a nan suke ɗauraye ƙore.

A daminar da amai da gudawa suka shigo unguwa, aka fara fitar da gawa daga layinmu. Duk gidan da ake zaman makoki, mu muke cika musu randuna da ruwanmu, don ladan ya kai ga tsohuwa. Haka muka yi ta yi.

Sai babbar 'yata ta kwanta. Kafin azahar idanunta sun faɗa, aka kai ta asibiti aka ɗaura mata ruwa. Ƙannenta biyu suna gida, wannan ruwan suke sha.

Washegari wata duba-gari ta zo. Ta auna da taku daga rijiya zuwa shaddarmu, ta ce da nisa. Sai ta hau turmi ta leƙa bayan katanga. Ashe shaddar sabon gidan hayan da ke bayanmu manne take da katangarmu, daf da rijiyar, ta cika har tana tumbatsa.

Ta ce, "Baba, a rufe rijiyar nan yau."

Maigida ya ce, "Hajiya, ruwan sadaka ne fa. Dubi yadda yake garau."

"Baba, ciwon nan ba ya da kala."

Da ta tafi ya ce shi dai ba zai yanke wa uwarsa lada da hannunsa ba. Na zauna da wata takardar gargaɗi kan ciwon da duba-garin ta bari, na bi ta da yatsa a hankali kamar yadda aka koya mana a ajin yaƙi da jahilci. Da na gama, na ɗora murfin ƙarfe na sa kwaɗo.

Maƙwabciyata ta shigo da bokiti, ta tsaya.

"Maman yara, yau kuma ruwan Allah aka sa wa kwaɗo?"

Na ce, "Yaya, ki yi haƙuri. Ki sayi na 'yan garuwa, ki tafasa."

"To, likita. Allah ya ƙara ilimi."

Maigida ya yi kwana biyu bai ci tuwona ba. Yarinyar ta dawo a rame, tana dafa bango. Ƙannenta babu wanda ya kwanta. Da rani ya yi, shi da kansa ya kira mai tifa aka cike rijiyar da ƙasa.