Kuskuren da Likita Abarshi Ya Yi da Gangan

Likita Abarshi ya yi shekara ashirin da shida yana duba marasa lafiya a Birnin Ƙonni kafin ya aje aiki. Matarsa ta rasu, ƴaƴansa kuma aiki ya watsa su. A shekarar 2007 wani abokin karatunsa ya roƙe shi daga Yamai ya koya wa ɗaliban likitanci goma sha huɗu yadda ake tantance rahoton bincike, a gane inda ya yi ƙarfi da inda ya yi rauni. Darasin ta intanet ne. Bai san fuskar ko ɗayansu ba.

Kowace Talata da hantsi yakan sa riga mai guga, ya tafi shagon intanet na kusa da tasha, ya buga darasinsa da yatsa biyu. Nakan raka shi, domin mun saba tun ina daraktan lakwal, wato shugaban makaranta. Amsar ɗaliban ba ta canzawa: "Mun gode, Malam. Allah ya ƙara sani."

"Ka ji su?" in ji shi. "Ko na ce musu jaki na yin ƙwai, addu'a za su yi mini."

Tsoronsa shi ne su fita likitoci masu gaskata duk abin da aka buga a takarda, su ba mutane magani a kansa. Saboda haka ya aika musu da rahoton wani maganin zazzaɓi da aka ba yara ɗari biyu. A cewar rahoton, bayan mako biyu, yara ɗari da sittin suka komo asibiti lafiya lau, masu binciken suka ce duk wanda ya sha ya warke. A ƙarƙashi ya rubuta da gangan: "Wannan bincike ba shi da aibi." Ya ce mini in babu wanda ya musa, zai bar koyarwar.

Sha uku suka yi godiya. Ɗaya ba ta ce komai ba.

Kwana tara bayan haka, Na'Allah direban motar Yamai ya yi sallama da ambulan a hannu. "Likita, saƙon wata ɗiyarka ne. Ta ce hannu da hannu, ko da wanka kake!"

Daga Raihanatu ce, ɗalibar da ta yi shiru. Bayan gaisuwa ta rabin shafi, ta rubuta: "Baba, a gafarce ni. Yara arba'in da ba su komo ba, ina suke? Ni ƴar Malbaza ce. A wurinmu, yaron da magani bai yi wa ba, Sakkwato ake ƙetarawa da shi, ko kuma ya rasu an rufe shi. Ban faɗi haka a gaban ƴan aji ba, domin ba a gyara wa babba cikin jama'a."

Ya karanta sau biyu. "Guda ɗaya," ya ce. "Ita ma a ɓoye."

Talatar da ta biyo, ya kwafe tambayarta da sunanta, ya aika wa dukan ɗaliban, ya ƙara da cewa: "Na yi kuskure, ta gyara mini. Haka ake aikinmu." Bai gaya musu cewa tarko ya ɗana ba, ya fi so su ga an gyara wa babba, duniya ba ta tashi ba. Mako na gaba mutum uku suka musa masa.

Ya ci gaba har 2009, lokacin da idanunsa suka gaza. Shi da Raihanatu ba su taɓa haɗuwa ba.