Ranar da Na Je Dubiya da Motar Gawa

Tun ina yaro a Zariya nake son tsofaffin motoci, amma sai da na zo New York, na samu aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti, yarana suka ɗan tasa, sannan na samu sukunin bin abin da raina ke so. Na kama hayar wani ɗan gareji a unguwar Jamaica, can yankin Queens, bayan shagon wasu masu wankin kafet, inda jiragen sama ke wucewa ƙasa-ƙasa har kwanon rufin ya riƙa kaɗawa. Nan nake wuni duk Asabar. Na fara da wata 'yar akori-kura da tsatsa ta cinye, na tayar da ita, muka yi musaya da wani. Ta biyu ba ta yi albarka ba. Ta uku ita ce motar gawa.

A wata gona na same ta, can bayan gari, kaji na ƙwai a cikinta. Doguwa ce, baƙa, ƙirar shekarun alif ɗari tara da sittin, bayanta da fukafukai kamar kifi. Mai gonar bai ɓoye mini komai ba, ya ce kakansa ya yi sana'ar binne mutane, da ita yake kai su maƙabarta. Ni kuwa abin da na gani shi ne injin da ba a taɓa buɗewa ba, da gilasan da ko tsagu babu. A wurinmu gawa a makara ake ɗaukarta, a kafaɗa, ko a bayan kowace irin mota aka samu. Don haka ban ji wani tsoro ba. Ƙarfe ne da taya huɗu.

Na daɗe a kanta. Na kankare tsatsa har yatsuna suka yi kanta, na wanke kabureta, na sake birki gaba da baya. Masu wannan sha'awar suna da ƙa'ida, a mayar da mota yadda ta fito daga kamfani, kada a ƙara kada a rage. Sai na bi ƙa'idar. Na mayar mata da baƙin fentinta, na sa aka ɗinka labulen tagoginta ruwan toka, har ƙarafunan nan masu juyawa da ake tura akwatin gawa a kansu na goge suna sheƙi. Matata ta zo ta gan ta sau ɗaya, ta tsaya daga bakin ƙofa ta ce, "Allah ya sa alheri," ba ta ko taɓa ta ba.

Mutum ɗaya ne a cikin mutanenmu yake fahimtar abin da nake yi. Wani dattijo ne ɗan zangon Kumasi, tsohon direban tasi, muna ce masa Baba, matarsa kuma Mma, kamar yadda mutanen Gana ke kiran uwa. A masallaci muka haɗu. Da ya ji abin da nake yi, sai ya fara hawo jirgin ƙasa tun daga unguwarsu ta Bronx, da shayinsa a fulas, ya zauna a kan wata tsohuwar taya yana kallona. Ba ya taɓa sifana, ya ce ya gaji da mota, amma yana son jin ƙarar injin irin na da. Ranar da na fara tayar da ita sai da ya miƙe tsaye ya yi kabbara.

Kafin in gama fenti ciwon zuciya ya kwantar da shi. Aka yi masa aiki, ya daɗe a asibiti, har mutane suka fara magana ƙasa-ƙasa. Da aka sallame shi likita ya hana shi sauka daga bene. Wata Juma'a ya kira ni.

"Ɗana, an gama amaryar?"

"An gama, Baba."

"To kawo ta gobe in gan ta ta taga. Zaman nan ya ishe ni."

Da safe ina neman mukulli, matata ta tambaye ni ina za ni. Na gaya mata. Ta ajiye abin da ke hannunta.

"Gidan mara lafiya za ka da motar gawa?"

"Shi da kansa ya ce in kawo."

"Shi ya ce. Mma fa, ta sani?"

Na ce mata ai camfi ne, mu Musulmi ba ma yin wannan. Ta dube ni kawai, ta ci gaba da aikinta. Ni kuwa a zuciyata ina jin daɗin amsar da na bayar.

Tafiyar ta yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba. A kan gada mutane suna rage gudu suna ba ni hanya, wani ɗan sanda ma ya cire hularsa. Na yi dariya ni kaɗai. Da na shiga titinsu, Grand Concourse, babu wurin ajiye mota, balle mai tsawon wannan, sai na tsaya daidai ƙofar gidan su Baba, gefen wasu motoci, na kunna fitilun gargaɗi. Don ya ga cikin da kyau daga sama, na wangale ƙofar baya na bar ta a buɗe. Na hau.

Na same shi shi kaɗai, Mma ta fita cefane. Sana'arta dafa shinkafa da wake irin na Gana, direbobi da masu gadi suna zuwa saya a gida. Ya rame ƙwarai, jallabiyarsa ta yi masa yawa. Na riƙe shi muka taka a hankali zuwa tagar ɗakin kwana. Ya leƙa, fuskarsa ta washe. Ya yi ta tambaya, ina na samo fitilun baya, wa ya ɗinka labulen. Wayarsa tana ta ƙara a falo, ya ce in ƙyale ta, masu tallan inshora ne.

Muna nan tsaye na ga Mma ta fito daga tashar jirgin ƙasa na layin D, tana jan ɗan keken cefanenta. Na gan ta ta tsaya. Na ga ta saki keken, ya gangara ya kife, tumatir ya watse a kan titi. Sannan ihun ya iso mana har sama, ta cikin rufaffen gilashi. Ta ɗora hannu biyu a ka, ta fara gudu, mace mai jiki, mai ciwon gwiwa. Ba ta kai ƙofa ba ƙafarta ta harɗe da zanenta, ta faɗi da dukan nauyinta a kan hannu.

Baba ya fara bugun gilashin da tafinsa yana kiran sunanta. Tagar ta ƙi buɗuwa. Na zaunar da shi a bakin gado, na bi matakala da gudu don ba zan iya jiran lif ba.

Kafin in sauka mutane sun taru. Mata biyu sun riƙe Mma, tana ta salati tana cewa, "Da na sani ban fita ba." Mai shagon da ke ƙasan gidan, wata 'yar Nijar, tana kuka da waya a kunnenta. Na kutsa ina cewa, "Yana da rai! Lafiyarsa ƙalau! Motata ce!" Ba wanda ya gane ni da farko. Sai da na nuna sama. Ga Baba ya sake jan jiki ya dawo taga, yana ɗaga hannu.

Wani dattijo da na sani a masallaci, da carbi a hannunsa, ya tako ya dubi motar, ya dubi ƙofar da na bari a buɗe, ya dube ni.

"Malam, taka ce?"

"Tawa ce."

"Sana'ar da kake yi ke nan yanzu?"

"A'a, sha'awa ce kawai."

"Sha'awa," ya maimaita, ya juya ya tafi. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Wuyan hannun Mma ya karye. Aka rasa motar da za a kai ta asibiti, tawa ce kaɗai a kusa, kuma babu wanda ya ko kalli wajenta, ni ma ban yi tayi ba. Wani mai tasi ya ɗauke ta. Ni na tsaya ina tsintar tumatir da albasa daga titi, don ban san abin da zan yi da hannuwana ba.

Ashe mai shagon nan tun da ta ga na buɗe ƙofar baya na shiga gidan ta fara kiran mutane. Ita ba ta yi ƙarya ba, abin da ta gani ta faɗa. Kiran da wayar Baba ke ta yi, mutane ne ke neman tabbaci. Labari ya kai wa 'yarsu da ke aikin jinya a wata jiha, ta bar aiki ta kama hanyar filin jirgi. Ya kai Kumasi. Har bayan la'asar mutane suna hawa benen da sallama ƙasa-ƙasa, su tarar da mamacin a zaune yana shan kunu. Wasu suka yi dariya. Baba ma ya gwada yin raha, ya ce aƙalla ya ga waɗanda za su zo jana'izarsa. Amma sai ya ajiye kofin, bai ƙarasa kunun ba.

Ya sa na kira yayarsa a Kumasi, tsohuwa ce tukuf, ita ta goya shi. Ya yi mata magana ta ji muryarsa, sannan ya miƙo mini don in yi bayani. Na yi iya ƙoƙarina, na ce tsohuwar mota ce nake gyarawa don nishaɗi. Ta ce, "Yaro, a garinku babu wata motar ne?" Ta ce an riga an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, bari ta je ta sallami mutane.

Na mayar da motar gareji na lulluɓe ta. Na yi watanni ban je masallacin Bronx ba, ina sallar Juma'a a Queens cikin mutanen da ba su san ni ba. Duk da haka sunan ya bi ni. Har yau akwai waɗanda idan za su kwatanta ni sai su ce mai motar gawa. Mma ba ta iya girki ba tsawon lokacin da hannunta ke ɗaure, matata ce ke zuwa bayan ta tashi daga aiki tana dafa mata abincin sayarwa. Takan dawo a gajiye, tufafinta na ƙanshin shinkafa da wake, ta yi wanka ta kwanta.

Ranar da za a kwance ɗaurin, matata ta ce ni zan kai Mma. Na je da motar gida. Tun ranar nan ban haɗa ido da ita ba. Na ba ta haƙuri a bakin ƙofa, ta ce, "Ya wuce, ɗana, ai ba da gangan ka yi ba." Muka kama hanya. Mun yi nisa sannan ta fara magana, tana kallon waje.

Ta ce da safen nan faɗa suka yi da Baba. Likita ya hana shi gishiri, ta kama shi yana barbaɗawa a ƙwai a ɓoye. Ta ƙwace farantin, ta ce masa tunda mutuwa yake nema to ya yi ta nema, ita ta gaji. Ta buga ƙofa ta fita, ko sallama ba ta yi masa ba.

"Da na ga motar nan," ta ce, "ba mutuwarsa na fara tunawa ba. Maganar nan na tuna. Na ce shi ke nan, da ita ya tafi."

Fitila ta tsayar da mu. Na riƙe sitiyari. Ta gyara mayafinta da hannun mai lafiya, ta ce in shiga layin dama, ƙofar asibitin ta can gefe ce.