Mai Jera Takalma a Bakin Ƙofa

Duk wanda ya taɓa zuwa taron Hausawa a unguwar Tottenham ta Landan ya san Kawu Sale, ƙanen mahaifiyata. Ba ya shiga ciki. A bakin ƙofa yake tsayawa yana jera takalman mutane, ƙanana a hagu, manya a dama, kuma kada ka kuskura ka taɓa.

Kai, na gaji da ba da haƙuri a kansa! Ranar sunan jikan wani babban likita, maigidan ya ce, "Malam Sale, yaya abincin?"

"Gishiri ya yi yawa, kuma kun yi lattin minti arba'in da bakwai."

Ni ce na bi Hajiya, matar gidan, har kicin ina ban baki.

Wata Asabar na tarar da shi a tashar bas, ruwa na dukansa.

"Kawu, shigo mota."

"Asabar bas nake shiga."

"Ai an yi cancel, ba zai zo ba!"

"To, ni dai na zo."

Wasu suka ce aljanu ne, wasu suka ce iskanci. Ba wanda ya taɓa tambayarsa.

Da likita ya ce 'yata Hauwa tana da autism, wata lalura da ake haifar yaro da ita, sai na daina zuwa da ita taro. In aka kunna lasifika toshe kunne take tana ihu, mata kuma su yi ta turo mini lambar masu ruƙiyya. Kullum aka tambaya, in ce mura take yi.

Kawu kaɗai ya ƙi yarda. "Murar wata ashirin da uku? Ƙarya kike yi, Binta." A gaban kowa fa! "Ciki ne ke da hayaniya. Kawo ta, akwai wuri a ƙofa."

Na ce to. Ban kawo ta ba, kunya nake ji.

Sai ranar addu'ar bakwai ɗinsa na zo da ita. Takalma sun yi tuli, kowa na tsallakewa. Hauwa ta yi turus.

"Mummy, it's all wrong."

Ta durƙusa ta hau jerawa. Ita launi take bi, ba girma ba. Da Kawu yana nan, wallahi da an yi rigima. Ban shiga ciki ba ranar, na zauna kusa da ita ina miƙa mata.

Allah ya jiƙanka, Kawu, ya ba ka makwanci marar hayaniya. Ni kuma ya yafe mini watanni ashirin da ukun nan.